Tsara manhajojin gwajin furosesa daga kundin umarni

Tsara manhajojin gwaji daga kundin umarni hanya ce da injiniyoyi ke bi domin tabbatar da cewa furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi a cikin kwamfuta ko wayar salula, tana aikata abin da aka ce za ta aikata. Maimakon mutum ya zauna yana rubuta gwaji ɗaya bayan ɗaya, ana rubuta dokokin furosesar cikin wani harshe da kwamfuta ke iya karantawa. Daga nan wata manhaja, da ake kira injin tsara gwaji, za ta ɗauki dokokin ta fitar da dubbai ko miliyoyin gajerun manhajoji, kowace tare da amsar da ya kamata ta bayar. Idan furosesa ta ba da wata amsa dabam, to akwai kuskure a wani wuri.

An fara amfani da wannan hanya a manyan kamfanoni tun cikin shekarun 1980, amma maganarta ta sake tasowa a 'yan shekarun nan saboda yaɗuwar RISC-V, wani kundin umarni da kowa ke da damar ƙera furosesa a kansa ba tare da biyan kuɗin lasisi ba. Masu ƙera furosesa sun yi yawa, sai dai ba dukansu ne ke da ƙarfin gwada abin da suka ƙera ba. Lamarin ya shafi har garuruwan da ba a ƙera komai irin wannan a cikinsu, kamar Gude da Kabo da Gwarzo a yammacin jihar Kano, inda kuɗin mutane ke bi ta cikin waya da na'urar POS kullum.

Kundin umarni

Kowace furosesa tana da jerin umarnin da take fahimta: tara wannan lamba da waccan, ɗauko abin da ke wuri kaza a memori, koma layi kaza idan lambobi biyu sun zo daidai. Littafin da ya tattara waɗannan umarni, ya kuma faɗi ma'anar kowanne, shi ne kundin umarni, wanda ake taƙaita sunansa da ISA. Uku ne suka fi shahara a yau: x86 na kamfanonin Intel da AMD, wanda ke cikin mafi yawan kwamfutocin tebur da na cinya, Arm, wanda ke cikin kusan kowace wayar salula, sai RISC-V.

Kundin umarni ya yi kama da nahawun harshe ta fuska biyu. Yana faɗin yadda ake gina umarni, kamar yadda nahawu ke faɗin yadda ake gina jimla, yana kuma faɗin abin da umarnin ke nufi. A RISC-V, alal misali, akwai ƙananan ma'ajiyai 32 a cikin furosesa da ake kira rajista, daga x0 zuwa x31. Umarnin ADD x5, x6, x7 na nufin a tara abin da ke x6 da abin da ke x7 a zuba a x5. Rajistar x0 kuwa sifili ce har abada, ko me aka rubuta a cikinta.

Bambancin kundi da kundi yakan fito ne a wuraren da ba a cika tunawa da su ba. Idan aka umarci furosesa ta raba cikakkiyar lamba da sifili, x86 tana tsayar da aikin ta kai ƙara ga babbar manhajar na'urar. Arm mai bit 64 tana ba da sifili ta ci gaba. RISC-V ita ma tana ci gaba, amma amsar da take bayarwa ita ce -1. Duk ukun daidai ne, domin kowace ta bi kundinta. Wannan ne ya sa ba a iya cewa furosesa ta yi kuskure sai an koma ga abin da kundinta ya rubuta.

Dalilin da ya sa gwajin hannu ba ya isa

Ba zai yiwu a gwada komai ba. Umarnin tara lambobi biyu masu bit 32 kaɗai yana da yanayi fiye da biliyan biliyan 18. Ko da ana gwada biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, za a shafe shekara sama da 580 kafin a gama. Wannan umarni ɗaya ke nan, a kan lambobi ƙanana.

Matsalar ta fi haka girma, domin furosesar zamani ba ta jira ta gama umarni ɗaya kafin ta fara na gaba. Tana riƙe da umarni da yawa a lokaci guda, tana sauya musu jeri idan hakan zai fi sauri, tana kuma hasashen inda manhaja za ta nufa ta fara aikin tun kafin ta tabbata. Kurakurai masu wuyar gani suna ɓuya ne a haɗuwar waɗannan abubuwa: umarni kaza ya biyo bayan umarni kaza, a daidai lokacin da wani saƙo ya katse aikin. Injiniyan da ke rubuta gwaji da hannu yana gwada abin da ya zo masa a rai ne, kuskuren kuwa galibi yana inda hankalin kowa bai kai ba.

Sannan kuskuren furosesa ba kamar na manhajar waya ba ne da za a aiko da gyara cikin dare. Da zarar an buga zanen a kan silikon, ya zauna. Sake bugawa yana cin miliyoyin daloli da watanni. Binciken da Wilson Research Group ke yi wa kamfanin Siemens ya nuna cewa a 2024 kashi 14 cikin 100 ne kawai na ayyukan ƙera irin waɗannan ƙwayoyin silikon suka yi nasara a bugun farko, adadi mafi ƙanƙanta cikin sama da shekara 20.

Yadda aikin ke gudana

Matakin farko shi ne mayar da kundin umarni daga rubutun zube zuwa harshen da kwamfuta ke karantawa. Harsunan da aka sani a wannan fage sun haɗa da nML da ASL da Sail. A nan ake rubuta siffar kowane umarni da abin da yake canjawa a cikin na'ura, ba tare da barin wata kalma mai harshen damo ba.

Mataki na biyu shi ne injiniya ya rubuta tsarin abin da yake so a gwada. Ba ya rubuta manhajar gwajin da kansa. Yana iya cewa: a ba ni umarnin lissafi 200 a gauraye, a tabbata kowane na biyar yana amfani da amsar wanda ya gabace shi, a kuma sa wasu su tumbatsa. Tumbatsa ita ce amsa ta fi ƙarfin ma'ajiyarta, kamar a tara 1 a kan 2,147,483,647 a rajista mai bit 32, amsar ta juye ta koma -2,147,483,648.

Mataki na uku na injin tsara gwaji ne. Yana zaɓen umarni da lambobi ta hanyar ƙuri'a, amma ƙuri'a mai sharaɗi. Da za a bar zaɓen kara zube, umarnin ɗauko bayani daga memori zai riƙa neman adireshin da babu shi, gwajin ya mutu tun a layin farko. Don haka injin yana amfani da manhajar warware sharuɗɗa, irin su Z3 ta kamfanin Microsoft, domin nemo lambobin da za su cika duk abin da aka gindaya. Wannan ne ke ba shi damar kai gwaji lungunan da ƙuri'a zalla ba za ta taɓa faɗawa ba.

Mataki na ƙarshe shi ne awo. Ana gudanar da gwajin a wuri biyu: a kan zanen furosesar da ake ƙerawa, da kuma a kan manhajar ma'auni, wadda ke kwaikwayon kundin umarni sak. Bayan kowane umarni, ko a ƙarshen gwajin, ana kwatanta abin da ke cikin rajistoci da memori. Amfanin samo injin da ma'aunin daga kundi guda shi ne idan aka ƙara sabon umarni, ba sai an sake rubuta komai daga tushe ba.

Tarihi

Abin da ya fi jawo hankalin duniya ga wannan batu shi ne kuskuren rabawa na Pentium. A watan Oktoba na 1994 Thomas Nicely, malamin lissafi a kwalejin Lynchburg da ke jihar Bajiniya ta Amurka, ya sanar da cewa sabuwar furosesar Intel tana ba da amsa ba daidai ba a wasu lissafin rabawa. Idan aka raba 4,195,835 da 3,145,727, amsar gaskiya ta fara da 1.333820, amma Pentium tana ba da 1.333739. Tushen matsalar gurabe biyar ne da aka bari ba a cika ba a wani jadawali mai gurabe 1,066. Kuskuren yana fitowa kusan sau ɗaya cikin rabawa biliyan 9 idan an zaɓi lambobin kara zube, shi ya sa ya tsallake gwaji. Da farko Intel ya ce mai amfani da kwamfuta na yau da kullum zai ci karo da shi sau ɗaya ne a shekara 27,000. IBM ya musanta, ya dakatar da sayar da kwamfutocinsa masu Pentium. A Disambar 1994 Intel ya amince ya canja wa duk wanda ya nema, abin da ya ci masa dala miliyan 475.

Kafin wannan lokaci IBM ya riga ya fara tsara gwaji da injin ƙuri'a. A farkon shekarun 1990 cibiyar bincikensa da ke Haifa ta fito da Genesys, wanda ya raba injin da bayanin furosesa, ta yadda injin guda zai yi wa furosesoci daban-daban aiki. Magajinsa, Genesys-Pro, ya mayar da tsara gwaji aikin warware sharuɗɗa. A Rasha, Cibiyar Ivannikov ta Kwalejin Kimiyya da ke Mosko ta gina MicroTESK, wanda ke karanta kundi da aka rubuta da nML, yana kuma aiki da kundaye irin su MIPS da RISC-V.

A 2017 kamfanin Arm ya saki kundinsa na ARMv8-A cikin siffar da kwamfuta ke karantawa, aikin da Alastair Reid ya yi fice a kai. A jami'ar Kambirij ta Ingila, tawagar Peter Sewell ta ƙirƙiro harshen Sail, wanda daga baya ƙungiyar RISC-V International ta ɗauki kundin da aka rubuta da shi a matsayin ma'auninta. An yi amfani da gwaje-gwajen da aka samo daga irin wannan kundi wajen duba Morello, furosesar gwaji ta tsaro da Arm ya fara rabawa a Janairun 2022.

RISC-V da sabon yanayi

An fara RISC-V a 2010 a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ƙarƙashin Krste Asanović da David Patterson da ɗalibansu. An kafa gidauniyar kula da shi a 2015, ta kuma koma ƙasar Suwizalan a 2020, saboda fargabar wasu mambobinta cewa rikicin kasuwanci tsakanin ƙasashe zai iya shafar ta idan ta ci gaba da zama a Amurka. Fargabar ba ta faɗi ƙasa ba: a Oktoban 2022 Amurka ta tsaurara takunkumin sayar wa Sin manyan ƙwayoyin silikon da injinan ƙera su. Sin ta ƙara zuba ƙarfi a RISC-V, ciki har da furosesar XiangShan ta Kwalejin Kimiyya ta ƙasar. Indiya na da Shakti, wadda aka ƙera a cibiyar fasaha ta IIT Madras, ta kuma ƙaddamar da shirin gwamnati na RISC-V a 2022.

Wannan buɗi ya sauya wanda nauyin gwaji ke kansa. A duniyar x86 kamfanoni biyu ne ke riƙe da kusan komai, kowanne da rundunar masu gwaji da tarin gwaje-gwajen shekara da shekaru. A duniyar Arm, kamfanin da ya sayi lasisin ƙera tasa furosesar, kamar Apple, dole zanensa ya tsallake gwajin dacewa na Arm. A RISC-V kuwa jami'a ko ƙaramin kamfani na iya ƙerawa ya sayar, har ya ƙara umarnin kansa a kan na asali. Ƙungiyar tana da gwajin dacewa da take kwatantawa da Sail ko manhajar kwaikwayo ta Spike, amma ita da kanta ta bayyana cewa wannan ba ya maye gurbin cikakken gwajin zane.

Domin cike wannan giɓi aka samu injinan gwaji na kyauta. Google ya saki riscv-dv a 2019. Masu Shakti sun fitar da AAPG. Masu bincike a jami'ar ETH da ke Zurik sun gina Cascade, wanda ke tsara dogayen manhajoji masu sarƙaƙiya, ya kuma gano sababbin kurakurai 37 a furosesocin RISC-V guda biyar da aka daɗe ana amfani da zanensu. A Oktoban 2024 ƙungiyar ta amince da RVA23, jerin umarnin da dole kowace babbar furosesa ta ƙunsa idan tana son manhajoji irin na Linux da Android su yi aiki a kanta ba tare da an sake musu ɗinki ba. Jerin ba zai yi amfani ba sai in akwai hanyar tabbatar da cewa wanda ya ce ya bi shi, ya bi shi ɗin.

Darasin GhostWrite

A watan Agustan 2024 masu bincike daga cibiyar CISPA ta Jamus sun bayyana wata ɓaraka da suka sa wa suna GhostWrite a furosesar XuanTie C910 ta T-Head, reshen kamfanin Alibaba. Wasu umarni na aiki a kan jerin lambobi a lokaci guda suna rubutu kai tsaye a memorin na'ura, suna tsallake shingen da ke raba manhaja da manhaja. Duk wata ƙaramar manhaja marar izini za ta iya ƙwace na'urar baki ɗaya. Furosesar tana cikin allunan kwamfuta da ake sayarwa a kasuwa, har da wasu kwamfutocin da ake bayarwa haya ta intanet. Ba a iya gyara ta da manhaja ba. Mafita ita ce a kashe wannan rukunin umarni gaba ɗaya, a haƙura da saurin da yake kawowa.

Abubuwa biyu ne suka fito daga wannan lamari. Na farko, an ƙera C910 a kan daftarin kundin wannan rukuni mai lamba 0.7.1, kafin a amince da na ƙarshe mai lamba 1.0 a 2021. Na biyu, masu binciken ba su dogara da kundi ba wajen gano ɓarakar. Manhajarsu, RISCVuzz, ta riƙa ba furosesoci daban-daban umarni iri ɗaya, har da waɗanda ba a gina su bisa ƙa'ida ba, tana duba wadda ta saɓa wa sauran. Injin da aka ce ya fitar da jimloli masu bin nahawu kawai ba zai taɓa tambayar abin da furosesa za ta yi da jimlar da ta karya nahawu ba, alhali mai kutse da irin wannan jimlar yake farawa.

Iyakokin hanyar

Gwajin da aka samo daga kundi ba ya wuce ingancin kundin. Idan an auna hatsi da tiyar da ta lotsa, duk buhunan za su zo daidai da juna, kuma duk za su gaza. Haka nan idan kuskuren yana cikin kundin, injin gwaji da ma'auni za su gaje shi tare, babu mai tona wa wani asiri. Shi ya sa masu rubuta kundi da Sail ko ASL suke gwada kundin kansa da tsofaffin gwaje-gwajen kamfani da kuma furosesocin da ke aiki.

Akwai kuma abin da kundi bai yi magana a kansa ba. Ɓarakar Meltdown da Spectre, da aka bayyana a Janairun 2018, sun shafi furosesocin da ke ba da amsa daidai da kundinsu. Sirri yana fita ne ta tsawon lokacin da aiki ke ɗauka, kundi kuwa bai ce komai game da lokaci ba. A Yulin 2023 Tavis Ormandy na Google ya bayyana Zenbleed a furosesocin Zen 2 na AMD. Ya gano ta ne ta hanyar gudanar da manhaja guda sau biyu, sau ɗaya yadda take, sau ɗaya an tilasta wa furosesa ta bi umarni ɗaya bayan ɗaya, sannan ya kwatanta.

Wani nau'in matsalar ba ya cikin zane ko kaɗan. A 2021 Google da Facebook kowanne ya ba da rahoton cewa a cikin ɗimbin kwamfutocin cibiyoyinsu akwai 'yan ƙalilan da ke ba da amsa ba daidai ba a ɓoye, saboda lahanin ƙira ko tsufan silikon. Wannan ya sa yanzu ake ci gaba da gudanar da manhajojin gwaji a kan furosesa ko bayan ta fara aiki.

Saboda waɗannan dalilai, kamfanoni suna haɗa gwaji da hujjar lissafi, inda ake tabbatar da cewa wani sashe na zane daidai yake a kowane yanayi ba tare da an gwada su ɗaya-ɗaya ba. Jim kaɗan bayan abin da ya sami Pentium, an yi wa sashen rabawa na furosesar K5 ta AMD irin wannan hujja da manhajar ACL2. Hujjar tana da tsada da wuya, don haka a sassa masu haɗari aka fi amfani da ita, sauran kuma a bar wa injin gwaji.

Yadda ya shafi yammacin Kano

Gude mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Kabo, maƙwabciyar Gwarzo. Kamar sauran garuruwan yankin, wayoyin da suka fi yawa a hannun jama'a su ne Tecno da Itel da Infinix, dukansu na kamfanin Transsion na Sin, waɗanda 'yan kasuwa ke sarowa daga Farm Centre da titin Beirut a birnin Kano. Furosesocin da ke cikinsu galibi na MediaTek ne ko Unisoc, an kuma gina su a kan zanen Arm. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, hada-hadar kuɗi ta waya da POS ta ƙara kankama a kasuwannin karkara. Manomin da ya sayar da masara aka tura masa kuɗi ya dogara da cewa lissafin da na'urar ta yi daidai ne, ba shi kuma da hanyar dubawa.

Kurakurai irin waɗanda aka ambata ba su tsaya ga manyan kwamfutoci ba. Cortex-A53, zanen Arm na 2012 da ya shiga wayoyi masu araha da yawa, yana da sanannun kurakurai da kamfanin ya wallafa da kansa. Mai lamba 835769 yana iya sa wani umarnin ninkawa da tarawa ya ba da amsa ba daidai ba idan ya biyo bayan umarnin memori kai tsaye. Maganin da aka yi shi ne aka koya wa manhajojin da ke fassara aikin masu rubuta manhaja zuwa harshen na'ura, irin su GCC, su guji jera umarnin biyu a haka. Mai waya bai san an yi ba. Wannan shi ne amfanin gano kuskure da wuri da kuma bayyana shi. Idan kuwa an gano shi bayan waya ta shiga kasuwa, gyaran sai ya biyo ta sabunta babbar manhaja, wayoyi masu araha kuma su ne aka fi saurin daina aiko musu da sabuntawa. Mai gyaran waya na iya canja allo ko batir ko IC, amma ba shi da abin yi da kuskuren da ke cikin zanen furosesa.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, gwaji shi ne sashen wannan masana'anta da ya fi sauƙin shiga ga wanda ba shi da jari. Gina masana'antar silikon ya fi ƙarfin yawancin ƙasashe: a 2024 kamfanin TSMC na Taiwan ya ware dala biliyan 65 domin masana'antu uku a jihar Arizona ta Amurka. Gwajin zane kuwa ana yin sa kafin a je masana'anta, a kan kwamfuta. Kundin RISC-V da Sail da Spike da manhajar kwaikwayon zane ta Verilator duk kyauta ne, haka nan zanen furosesoci irin su Ibex da CVA6. Umarnin asali na RISC-V mai bit 32 kimanin 40 ne, adadin da ɗalibi zai iya karancewa cikin zangon karatu ɗaya. A Sin, shirin ɗalibi ɗaya furosesa ɗaya ya fara a 2019 da ɗalibai biyar masu karatun digirin farko, waɗanda suka zana furosesar RISC-V da aka buga ta kuma yi aiki.

Kabo na da dalilin duba wannan misali. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da kafa kwalejin kimiyya da fasaha a garin, a 2025 kuma aka ɗaga ta zuwa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, bisa ƙudurin Sanata Barau Jibrin, wanda ɗan garin ne. Sabuwar jami'a tana da damar tsara darussanta tun daga tushe. Jihar na da Jami'ar Bayero da Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, inda ake koyar da injiniyancin lantarki da kimiyyar kwamfuta. Shirin 3MTT da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023 domin horar da matasa miliyan 3 ya fi karkata ga rubuta manhaja da nazarin bayanai da tsaron intanet.

Cikas ɗin da ke gaba sananne ne. Gwaji mai yawa yana buƙatar kwamfuta ta kwana tana aiki, wutar lantarki kuwa ba ta da tabbas. A Oktoban 2024 yawancin jihohin arewa, har da Kano, sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Wasu sassan riscv-dv an gina su ne domin manhajojin kasuwanci masu tsadar lasisi. Kundayen duk da Ingilishi aka rubuta su, kalmomin fannin kuma ba su zauna a Hausa ba tukuna. Sannan kamfanonin da ke ɗaukar masu wannan ƙwarewa suna ƙasashen waje ne, don haka wanda ya koya zai yi aiki daga nesa ko ya yi ƙaura.

Muhawarar da ake yi

Masu goyon bayan buɗaɗɗen kundi suna cewa idanu da yawa sun fi saurin ganin kuskure, suna kafa hujja da kurakuran da Cascade ya gano saboda zanen yana fili. Masu shakka suna nuni da cewa C910 ma an saki wani ɓangare na zanenta ga jama'a a 2021, amma ba tare da sashen da ɓarakar take ba, wato buɗe kundi ba ya nufin buɗe abin da aka sayar. Akwai kuma saɓani kan ko ya kamata a tilasta wa duk mai son sa tambarin RISC-V ya tsallake gwajin wata hukuma mai zaman kanta. Ƙananan kamfanoni na tsoron tsadar hakan, masu sayen furosesa domin motoci da na'urorin asibiti da na kuɗi kuwa suna neman tabbaci.

Ga ƙasashen da ke sayen na'ura ba sa ƙerawa, kamar Najeriya, tambayar ita ce wa zai duba abin da aka shigo da shi. Hukumar sadarwa ta NCC tana tantance nau'in wayoyi kafin a sayar da su, amma tantancewar ta shafi sadarwa da lafiyar mai amfani ne, ba ta kai ga cikin furosesa ba. A halin yanzu RISC-V ta fi yawa a ƙananan na'urori irin su abin sauraro na kunne da agogon hannu da na'urorin sarrafa wuta, tana kuma neman shiga wayoyi masu araha, inda kowace naira da aka rage a kuɗin lasisi ke da tasiri a farashi. Kasuwanni irin na Kano suna cikin inda irin waɗannan kaya ke fara sauka.